Kiran Awo a Kasuwar Gurbin Kanya

An ce wai a wani zamani da bai yi nisa da namu ba, an yi wani ƙaramin gari da ake kira Gurbin Kanya, wanda ba shi da abin taƙama in ba kasuwarsa ba. Kasuwar nan a tsakiyar gari take, masallacin Juma'a na gabas da ita, ƙofar hakimi na arewa, kuma duk lungun da mutum ya bi a garin, in ya miƙe, cikinta zai zubar da shi. A bakinta wanzamai suke zama, da masu shayi, da teloli, da masu gyaran takalma. Wanda ya yi baƙo can yake kai shi ya ga gari, wanda aka yi wa haihuwa ko rasuwa can ake fara jin labarinsa.

Zuciyar kasuwar ita ce layin hatsi, shugaban layin hatsi kuma shi ne Sarkin Awo, wani dattijo dogo mai suna Nomau. Nomau ba shi da hatsin kansa. Manoma ne suke kawo buhunansu daga ƙauyuka su jingine a rumfarsa, shi kuma ya auna wa masu saye da tiyarsa, a ba shi la'ada. Haka ubansa ya yi, haka kakansa ya yi, a rumfar nan guda.

Abin da ya bambanta awon Gurbin Kanya da na sauran garuruwa shi ne kiran awo. Ba a auna hatsi a garin baki shiru. Mai awo zai ɗaga murya ya ambaci mai saye da sunan ubansa, sa'an nan ya riƙa ƙirga kowace tiya yana jan murya kamar mai waƙa, in ya gama ya faɗi yawan abin da aka saya, ya yi addu'a a ci lafiya. Magabata sun kafa wannan ne don kada a cuci kowa, domin manomi yana zaune can gindin kanya yana jin abin da aka ɗiba daga buhunsa, kasuwa kuma duk shaida ce. Da tafiya ta yi tafiya sai abin ya zama ado. Magidanci yakan sa rigarsa mai kyau ranar kasuwa don kawai a kira sunansa, ya tsaya yana gyara hula jama'a na jin an auna masa buhu guda.

Muryar Nomau kuwa, Allah ya yi mata albarka. In ya ja numfashi ya ce, "Na wane ne ɗan wane, ɗaya albarka, biyu albarka," matan da ke cikin gida can bayan masallaci suna ji, har su ce wa juna yau an yi awon wata a gidan wane. Ba za a ɓoye ba, Nomau yana ji da muryar nan fiye da yadda ya kamata dattijo ya ji da wani abu nasa. Yakan ce ba hatsi ne ke tara kasuwa ba, kira ne.

Ana nan sai shekarun matsi suka sauko wa ƙasar. Kamfanin gurzar auduga da ke ciyar da rabin garin ya rufe ƙofa. Ma'aikata suka riƙa jiran albashi har su manta ranar da suka ga na ƙarshe. Abin da aka saya da safe, kafin la'asar kuɗinsa ya tashi. Mutane suka sayar da awaki, suka sayar da kekuna, mata suka kwashe kwanukan jerensu suka kai wa dillalai. Gidan da ake ɗora tukunya sau uku ya koma sau ɗaya, a wasu gidajen ma sai a hura wuta kawai don maƙwabta su ga hayaƙi.

A cikin shekarun nan ne wasu baƙi suka kafa shaguna na kwano a bakin sabon titin da ya bi ta yammacin gari. Babbansu wani mutum ne mai fara'a da ake kira Tanimu. Su ba su san buhu ba, ba su san tiya ba. Gero da gwangwanin madara suke aunawa, manja da gishiri da barkono a ƙulle cikin 'yar leda, sabulu ma sai su yanka shi gida huɗu. Ba ruwansu da ranar kasuwa, kullum a buɗe suke, kuma cinikinsu ya fi kankama bayan magariba. Wanda ba ya son fita ma sai ya buga waya, ɗan acaɓa ya kai masa har ƙofar gida.

Wata ranar kasuwa, Nomau ya wuni tun safe bai auna wa kowa ba, sai ga Malam Jatau, tsohon malamin makaranta, abokinsa tun suna yara, mutumin da a da ba ya sayen abin da bai kai buhu ba. Ya zo ta bayan rumfa, ya tsuguna dab da Nomau, ya rage murya ya ce, "Nomau, rabin tiya za ka ba ni."

Daɗi ya kama Nomau, domin maƙogwaronsa ya gaji da zaman banza. Ya miƙe tsaye, ya buɗe murya iyakar ƙarfinsa, ya ce, "Na Malam Jatau ne ɗan Bawa, rabin tiya, albarka. Allah ya sa a ci lafiya."

Duk layin ya juyo. Malam Jatau ya karɓi ɗan ƙullinsa, ya tura shi cikin hannun riga, ya ce, "Ka kyauta, Sarkin Awo." Ya fita ta inda ya shigo, bai ƙara taka kasuwar ba. Wallahi Nomau girmama shi ya yi nufi, kuma da ya ga ya daina zuwa sai ya ce Tanimu ne ya janye shi da daɗin baki.

Da matsin ya ɗan lafa, hatsi ya sauko, aka ci gaba da biyan albashi, 'yan kasuwa suka share rumfunansu suna jiran jama'a. Jama'a ba su dawo ba. Kasuwa ta ci ta watse tun kafin azahar, daga baya ma sai dai a ce ta yi motsi. Masu atamfa suka sa kwaɗo suka tafi birni. Wanzamai da masu shayi suka kwashe bencinansu suka koma bakin titi. Tafasa ta tsiro a layin tukwane har gwiwa, awaki suka mai da rumfunan yadi wurin kwana. Masallacin da sahunsa ke fitowa har waje a da, sai ya zama ana gama sallar la'asar da sahu ɗaya da rabi. Manoma suka ga ba mai saye, suka riƙa ɗora buhunansu kai tsaye a motocin fatake. Nomau yakan zo da sassafe ya yayyafa ruwa, ya share gaban rumfa, ya kife tiya a kan tabarma, ya zauna yana kallon hanya har rana ta faɗi. Baƙin ciki ya cinye shi, ya rame, rawaninsa ya yi masa yawa.

A gida ma abin bai bar shi ba. Wata rana ya leƙa madafi neman ruwa sai ya ga 'yan ledojin nan ƙulle-ƙulle a cikin ƙwarya. Ya tambayi matarsa, ya ce, "Tabawa, wannan daga ina?"

Ta ce, "Daga inda Allah ya hore, Malam. Je ka ci tuwonka kafin ya huce."

Ya ci tuwon, bai sake tambaya ba, domin ya san amsar kuma ba ya son jin ta.

Sai kuma labari ya zo daga hukuma cewa kasuwar da ba ta ci ba ta da amfani. In kaka ta wuce ba ta farfaɗo ba, za a rushe rumfunan a yanka filaye, a gina wa fatake sito a wurin. Da Nomau ya ji, sai da ya dafa bango. Rumfar kakansa ke nan za a mai da ita ɗakin ajiyar buhuna, shi kuma ya zama Sarkin Awo na ƙarshe, wanda kasuwa ta mutu a hannunsa. Ya tara sauran dattawan kasuwa, shi da Cindo Sarkin Fawa, suka nufi ƙofar hakimi.

Hakimin garin a lokacin shi ne Magaji Haliru, mutum mai ƙarancin magana da yawan sauraro. Da ya ji abin da ke tafe da su, ya aika aka kira Tanimu da mutanensa, don kada a yi maganar mutum ba ya nan. Aka zazzauna, aka yi gaisuwa, Nomau ya fara.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, kasuwar nan ta girmi kowa a zauren nan. A cikinta aka sayi likkafanin iyayenmu, a cikinta aka sayi ragon sunanmu. Baƙi sun zo sun tare bakin hanya, sun raba mu da mutanenmu da ƙulle-ƙullen da ba albarka a ciki. Ba mu ce a kore su ba. Abin da muke roƙo, a hana sayar da abinci ko'ina a garin nan in ba cikin kasuwa ba, kamar yadda muka taras. In aka yi haka, kafin kaka za ka ji kira har cikin ɗakinka."

Tanimu ya gyara zama ya ce, "Allah ya ja zamaninka, mu ba mu ɗaure kowa da igiya mun jawo shi ba. Mun buɗe ƙofa ne, mutane suka zo da ƙafafunsu. Hatsinmu bai fi na Baba Sarkin Awo kyau ba, bai kuma fi shi araha ba, in gaskiya za a faɗa ma ya ɗan fi tsada. Duk da haka wurinmu suke zuwa. Abin da ya mutu, ranka ya daɗe, binne shi ake yi. A bar hukuma ta yi aikinta, wanda yake son sana'a ya zo bakin titi, akwai fili."

Magaji ya sunkuyar da kai. Kowa ya ga ya shiga tsaka mai wuya. In ya bi Nomau, ya toshe wa talaka ƙofar da yake samun abincin dare, ya kuma zalunci baƙon da bai yi laifi ba. In ya bi Tanimu, ya sa hannu a kashe tsakiyar garinsa, da masallacinsa, da ƙofar gidansa ma, domin ba mai sauran dalilin bi ta nan. Can ya ɗago kai ya tambayi Tanimu, ya ce, "Ka ce naka ya fi tsada?"

Tanimu ya ce, "Ya fi, ranka ya daɗe. Ƙulli ai ba ya araha."

Magaji ya ce, "To. Ku tafi. Ranar kasuwa mai zuwa zan yanke hukunci, kuma a rumfar Sarkin Awo zan yanke shi."

A kwanakin da suka biyo baya Nomau ya riƙa jin labarai iri-iri. An ce an ga Magaji da magariba zaune a bencin mai shayi a bakin titi, ba dogari ba kowa, yana kallon masu shiga shaguna da masu fita. An ce ya shiga gidan Malam Jatau ya daɗe. Nomau ya ɗauka duk shaida yake tarawa a kan baƙi, sai hankalinsa ya kwanta. Ya sa aka wanke masa babbar rigarsa, ya riƙa shan ruwan ɗumi da zuma saboda murya.

Ranar kasuwa ta zo, garin kaf ya hallara, domin kowa yana son jin yadda za ta kaya. Rabon da layin hatsi ya ga mutane haka tun kafin matsi. Nomau ya dubi taron nan, ƙwalla ta cika masa ido don murna. Aka shimfiɗa wa Magaji darduma a bakin rumfa, aka kwance buhun gero guda aka ajiye a gabansa.

Magaji ya ce, "Jama'a, dattawan kasuwa sun roƙi a hana sayar da abinci a bakin titi. Na amince, amma da sharaɗi ɗaya. Doka ba ta kama talaka kafin ta kama wanda ya nemi a kafa ta. Saboda haka yau, a nan, kowane ɗaya daga cikin masu roƙon nan zai sayi hatsin gidansa, daidai abin da aka ci jiya a gidan, ba ƙari ba ragi, Sarkin Awo kuma ya kira masa kamar yadda al'ada ta tanada. In an gama, doka ta hau. Wa zai fara?"

Ba wanda ya fito. Cindo Sarkin Fawa, wanda ya fi kowa zafi a zauren hakimi, ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Wani ya shiga gyaran takalmi, wani ya juya kamar ana kiransa daga baya. Nomau ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yarda suka haɗa ido. Shi kansa ya tuna ƙulle-ƙullen da ya gani a ƙwaryar Tabawa.

Magaji bai kira sunan kowa ba. Ya miƙe da kansa, ya tako gaban buhun, ya ce, "Tunda ba mai farawa, ni zan fara. Kun san gidana, kun san yawan bakin da ke cikinsa, kun kuma san abin da ake kai masa daga rumfar nan a zamanin mahaifina. Jiya tiya ɗaya aka ci a gidan, kuma daga shagon Tanimu aka auno ta da gwangwani, bayan magariba, da sunan wani. Sarkin Awo, auna mini tiya ɗaya, ka kira."

Nomau ya tsuguna, ya cika tiya, ya share bakinta da hannu. Ya miƙe, ya ja numfashi kamar yadda ya saba tun yana saurayi. Ya dubi Magaji, ya dubi jama'a, ya ga kowa ya kau da kai don kunya. Murya ta ƙi fita.

Magaji ya ce, "Kira mana, muna sauraro."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zan iya ba."

"Me ya hana ka?"

"Asirin gidanka ne."

Magaji ya ce, "Ashe kira yana tona asiri? To, na sauran mutane fa, Nomau, da aka yi ta kira tun da matsin nan ya fara, su ba su da asiri ne?"

A nan ne Nomau ya ga Malam Jatau can bayan taro, tsaye a gindin kanya. Sai maganar nan ta "ka kyauta" ta dawo masa, ya gane abin da ya yi wa abokinsa a gaban duniya. Ya tuna wasu da yawa bayansa, waɗanda suka zo ta bayan rumfa suna raɗa, shi kuma ya ɗaga su sama. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Tiyar ta karkace a hannunsa, gero ya zube a kan tabarma.

Magaji ya juya ga jama'a ya ce, "Na zauna a bakin titi na duba. Ban ga araha ba, ban ga kaya mai kyau ba. Abin da na gani shi ne magidanta suna shiga da duhu-duhu, su faɗi buƙatarsu a hankali, a ba su a hankali, su fita ba wanda ya ambaci sunan ubansu. Mutanenmu suna ƙara kuɗi a kan hatsi ne don su sayi shiru. Kiran awo magabata suka kafa don ya tsare haƙƙi, kuma ya tsare. Ya zama ado a lokacin da hannu yake da shi. Da hannu ya rasa, sai ya zama mai shelar talaucin kowa, mu kuma muka ci gaba da yi saboda mun saba. Sarkin Awo bai ci amanar kowa ba, abin da ya gada ya riƙe. Amma ba baƙi ne suka kori mutane daga kasuwar nan ba."

Sa'an nan ya yanke hukunci. Ya ce ba za a hana kowa sana'a a bakin titi ba, kuma ba zai sa hannu a rushe kasuwa ba. Daga ranar an daina kiran awo, mai awo ya ƙirga a zuci, manomin da yake shakka ya matso ya zauna kusa da buhunsa. Kowace rumfa ta ajiye gwangwani kusa da tiya, a sa zana tsakanin rumfa da rumfa, kasuwa kuma ta riƙa buɗewa kowace yamma. Rumfunan da aka kulle aka tafi, a nemi izinin masu su a ba duk mai son zama, ɗan gari ko baƙo.

Ya dubi Tanimu ya ce, "Kai kuma kada ka ɗauka ƙaunarka ce ta kawo su. Suna zuwa ne don ba ka san iyayensu ba. Nan da wasu shekaru za ka san su, ka san abin da kowa yake ci. In bakinka ya buɗe a lokacin, za su gudu su bar ka kamar yadda suka bar wannan dattijo." Tanimu ya faɗi ya yi godiya, kuma shi ne ya fara karɓar rumfa.

To, kasuwa ta farfaɗo, amma kada a yi ƙarya, ba ta koma yadda take ba. Layin yadi bai sake buɗewa ba har yau. Masu shayi biyu suka dawo, wanzami ɗaya. Da yamma akan ga mutane suna shigewa tsakanin zanaye, kowa da ɗan ƙullinsa, ba hayaniya, ba rigunan ado, ba mai tsayawa hira. Ya dai isa hukuma ta janye maganar rushewa. Tsofaffi sukan ce kasuwar ta zama kamar gidan makoki, amma su ma a nan suke awo.

Nomau ya yi biyayya, bai ƙara ɗaga murya ba. Sai dai wani abu ya bayyana wanda ba wanda ya yi tsammani, har shi kansa. Tun yana yaro da baki ya koyi ƙirga, hannu na zubawa murya na riƙe lissafi. Da aka ce ya ƙirga a zuci, sai ya tarar babu komai a zucin. In awo ya wuce uku ko huɗu sai ya rikice, ya tsaya da tiya a hannu yana motsa leɓe, ya juye ya sake farawa. Wata rana ya ba mai saye fiye da nasa, wata rana ya tauye. Mutumin da bai taɓa kuskuren awo ba a rayuwarsa, sai ga wani manomi, sa'an ɗansa, yana ce masa a hankali, "Baba, ka huta, bari in auna da kaina."

Washegari ya naɗe tiyar kakansa a cikin tsumma, ya kai wa Magaji. Magaji ya ce, "Nomau, ban yi wannan hukunci don in raba ka da rumfarka ba. Zauna, a samo wanda zai riƙa auna maka."

Nomau ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Hukuncinka daidai ne, da ni ne a wurinka ma haka zan so in yi. Amma abu ɗaya na iya a duniya, kuma shi ne ya kashe kasuwa. Mai awon da ba ya kira, ba ya ƙirga, zaman me zai yi?"

Magaji ya miƙe tsaye. Ya karɓi tiyar da hannu biyu, ya raka shi har bakin zaure, abin da bai saba yi wa kowa ba.

Aka ba wata bazawara rumfar, baƙuwa ce daga wani gari mai nisa, ba ta san kowa ba. Nomau ya shige gida, aka daɗe ba a gan shi ba. Ana nan sai ciwon ƙafa ya kwantar da Tabawa, ba mai zuwa awo, kuma abin da ke aljihunsa bai wuce na gwangwani biyu ba. Da rana ta yi sanyi ya ɗauki sandarsa, ba rawani, ya bi ta bayan masallaci. Ƙafarsa ta kai shi inda ta saba. Ya shige bayan zana, ya tsuguna a gaban tabarmar da ya yi shekaru yana zama a kanta, ya rage murya ya ce, "Gwangwani biyu za ki ba ni."

Matar ta auna, ta ƙulle, ta miƙa masa, ta ce, "Ga shi, Baba." Ba ta tambayi sunansa ba, ba ta ɗago kai ba, ba wanda ya ji.

Ya tura ƙullin cikin aljihu ya fito. A hanya ya tarar da kansa yana gode wa Allah da ba a kira shi ba, kuma wannan godiyar ta fi masa ciwo a kan duk abin da ya rasa. Ya tsaya a jikin bangon masallaci, ya juya wa hanya baya, ya yi kuka ba sauti, sa'an nan ya goge fuska ya kai wa Tabawa geronta.

Masu ba da wannan labari sukan ce, wanda mutane suka guje wa, kafin ya nemi a tilasta musu dawowa, ya fara bincika abin da suke jin kunyarsa a gabansa. Domin ɗan Adam yana jure tsada, yana jure nisa, amma ba ya komawa wurin da aka tona masa asiri, ko da da kyakkyawar niyya aka tona.